Garin Soso da Abin da Ba Shi da Fuska

Duk yarinyar da ta zo wurina koyon ginin soso, magana ɗaya take fara yi: ta gani a waya, ai ba wuya. Ba na musu da ita. Sai in miƙa mata reza da guntun farin soso, irin wanda ake samu a kwalin firji ko na talabijin, in ce ta yanko min bango miƙaƙƙe mai tsawon ɗan yatsa. Kafin ta gama, cinyarta ta yi fari kamar ta yi tankaɗe, bangon kuwa kamar ɓera ya kwana a kansa. Daga nan wasu suke tuna an aike su. Waɗanda suka zauna, su nake rubuta wa wannan, don na gaji da maimaita magana.

Sunana Zulai, a Gwaram nake. Aikina shi ne in yanka soso in gina ƙaramin abu mai kama da babba: gida, makaranta, gidan mai, wani lokaci unguwa guda a kan falankin da mutum ɗaya zai ɗauka a ka.

A Birnin Kudu na koya. Can na yi sakandare, ina zaune gidan ƙanin mahaifiyata, Kawu Sabo, mai rubuta allunan shaguna. In aikin allo ya yi ƙasa, yakan yanka haruffan soso na sunan ango da amarya, ko na walimar saukar karatu. Aikin farko da ya ba ni sunan wata amarya ne, Safiya. Harafin farko kaɗai ya cinye min yini. Duk inda ya lanƙwasa sai soson ya ɓarke, ƙwayoyinsa su zubo.

"Tura wuƙar kike yi," in ji Kawu, bai ma ɗago daga fentinsa ba. "Ba a turawa, ja ake yi. Soso ba rake ba ne."

Na ce, "Kawu, ai a bango za a kafa. Daga nesa wa zai gani?"

"Uwar amarya daga kusa take kallo. Sake."

Na sake har sai da soson da ya ware min ya ƙare, ya sa na share wurin, washegari ya ba ni wani. Haka yake koyarwa. Ba ya faɗa, ba ya yabo, sai dai ya ce a sake. Ni ina faɗa, don haka ku gode Allah, aƙalla kuna sanin laifinku.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ba na tsada ba ne. Reza sabuwa, wadda in ta fara jan soso maimakon yanka shi, a jefar da ita, kar a yi mata rowa. Waya mai zafi don yanka mai kauri: wayar tsohon risho na lantarki ce Kawu ya ɗaure a bakin itace mai gwafa, ya haɗa da batirin babur. Tana shiga soso kamar cokali a man shanu, amma hayaƙinta ba na shaƙa ba ne, a waje ake yi. Farin gam na kafinta. Tsinken tsintsiya don riƙe bango kafin gam ya kama. Fentin ruwa kawai. Fentin mai, fentin feshi da sholisho duk cinye soso suke yi, in kika kusanto da su kin gama da aikinki. Kafin fenti kuma sai an yi shafe: a dama gam da ruwa da jar ƙasa tankaɗaɗɗiya, a shafa da burushi, a bari ya bushe a inuwa. Shafen nan shi ke rufe ƙwayoyin soso. In ba a yi shi ba, ko wane launi kika sa, mai kallo zai ce kwalin firji ne. Jinka kuwa da igiyar rama nake yi, in warware ta in taje. Itatuwa saiwar ciyawa ce busasshiya a juye, ƙasa ta koma sama.

Gini na farko da na yi na wata makarantar firamare ne, za su kai baje koli. Kawu ya karɓi aikin, ciwon baya ya kwantar da shi, na yi. Da ya tashi ya daɗe yana dubawa, sai ya ce tagogin sun fi ƙofofin girma. Gaskiya ne. Amma daga ranar duk aikin gini ni yake tura wa.

Da na gama makaranta na dawo Gwaram da kwalin kayan aikina. Mahaifina malami ne, yaran unguwa a zaurenmu suke karatu safe da yamma. Ba zai bar ni in buɗe shago a kasuwa ba, wannan ban ma tambaya ba. Ya ba ni gefen rumfa a bayan ɗakin Inna, ya ce masu aiki su zo zaure su yi sallama. Sharaɗi ɗaya ya kafa, sau ɗaya kuma ya faɗa.

"Gini ki yi, dutse ki yi, itace ki yi. Amma surar mai rai, ko ƙadangare ne, ranar da kika sassaƙa shi ranar kika tashi daga aikin nan a gidana."

Baba ba ya maimaita magana, ba ya kuma janye ta. In na tashi daga rumfar nan, ba ni da wani wurin. Ku riƙe wannan, don shi ne dokar rumfar har yau.

Dokar tana da tsada. Wani Alhaji mai fataucin shanu daga Basirka ya taɓa zuwa yana son a yi masa gonarsa, da garke da komai, ya ajiye a falo. Na ce zan yi gona, zan yi shinge, zan yi rijiya, ban da shanu. Ya ce gonar da ba shanu ai fili ne, ya hau motarsa. Aiki ne da zai riƙe ni wata guda. Na shiga ciki ina ƙunƙuni, Baba yana jina.

Shekarar da ta fi ba ni wahala ita ce wadda kaya suka yi tsada mutane suka daina sayen firji da talabijin. Ba a sayen firji, ba kwali. Ba kwali, ba soso. Ga damina ta yi ƙarfi, rufin kwano ko'ina yana yoyo. Masu facin rufi kuma soso suke narkarwa a fetur ya zama danƙo su liƙe huda. Mai shagon da yake tara min kyauta a Birnin Kudu sai ga shi da layin masu jira. Nakan shiga bas in je in dawo da guntaye a leda, in zauna ina haɗa su da gam kamar mai facin tsumma. A shekarar ne kuma na kusa gama wani gidan mai, na bar shi a ƙasa na shiga salla. Kaza ba ta ganin farin soso ta wuce. Na fito na tarar kajin Inna sun cinye rufin da famfo guda.

Na ce, "Inna, kajinki sun ci min aikin mutane."

Ta ce, "Su ma mutanen gidan nan ne. Wa ya ce ki ajiye musu tuwo a ƙasa?"

Tun ranar nake rataye aiki a rufin rumfa. Abu ɗaya na ƙaru da shi a shekarar: na tsaya na kalli wani mai faci yana jefa soso a gwangwanin fetur. Kafin ya narke duka, yakan lotsa, ya huje, ya yi zare-zare, ya fitar da wata siffa da hannu ba zai iya yankawa ba. Na kalla, na wuce.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa sosai na Nasiru ne. Ɗan ƙawar Inna ne, gyaran waya yake yi a bakin kasuwa, yana kuma ɗaukar labaran ban tsoro da muryarsa yana sakawa a waya mutane suna saurare. Ya gaji da murya kawai, yana son hoto. Ya zo zaure ya gaida Baba, Baba ya shiga ciki, aka kira ni. Ya ce ƙauye yake so a gindin dutse, da wani abu da ya taso a bayan dutsen. Zai sa wayarsa a ƙasa ya ɗauka daga kusa, ya zama kamar gari na gaske. Sai ya miƙo min zane. Wani abu ne mai idanu ko'ina a jiki, da baki, da hannuwa kamar saiwar kuka.

Na mayar masa. "Wannan ba zan yi ba."

"Haba Zulai. Ai ba halittar gaske ba ce. Babu irinta a duniya."

"Tana da ido?"

"Da yawa ma."

"To Baba yana ciki. Shiga ka gaya masa ba ta gaske ba ce, ina nan ina jiran ka."

Bai shiga ba. Ya gyara zama ya fara bayani, irin na mutumin da ya daɗe yana tunanin abu shi kaɗai. Ya ce shi ba aljani yake so ba, ba maye ba, ba dodo ba. Duk waɗannan sun san da kai. Suna jin haushinka, ko suna son jininka, ana iya ba su haƙuri ko a kore su. Abin da yake so ya girme wannan. Ya zo daga can inda taurari suka ƙare, ya daɗe tun kafin a yi garin, kuma bai ma san akwai mutane ba. Kamar saniya ta taka gidan tururuwa ta wuce, ba da mugunta ba.

Na ce, "To ai zanenka ya ƙaryata ka. Abin da bai san da mu ba, me zai yi da ido yana kallonmu?"

Ya dubi takardar, ya naɗe ta ya sa a aljihu. "To ke me za ki yi?"

"Ban sani ba tukuna. Ka kawo falanki."

Falankin ya kai girman dardumar salla. Ƙauyen bai ba ni wuya ba, na saba: ɗakunan jinka, rumbuna, darni, rijiya da guga, turmi da taɓarya, kuka guda a bakin hanya. Dutsen na yi shi irin na Birnin Kudu, manyan ƙwallaye masu santsi ɗaya bisa ɗaya. Ba a yanka dutse da reza. Ɓamɓara ake yi da hannu, sannan a murza da dutse na gaske ya bar masa tabo. Dabarar da na ƙara ita ce, duk abin da ke garin na karkatar da shi wajen dutsen. Ɗakuna, rumbuna, kuka, har igiyar guga ba ta sauka tsaye ba, ta ja gefe, kamar wani abu yana zuƙar garin a hankali.

Abin da kansa, da fetur na yi shi. Na liƙa manyan guntaye har suka fi dutsen tsawo ninki. Na zana layuka da gam a jiki na bari suka bushe, don inda gam ya rufe fetur ba ya ci. Sannan na fita bayan gida, nesa da madafa, na ɗaure hanci da gyale, na riƙa ɗiga fetur da sirinji. Kar wadda ta gwada wannan ba na wurin. Ɗigo ɗaya ake yi a jira, don yana ci gaba da ci bayan kin ɗauke hannu, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Da ya bushe, inda na sa gam ya tsaya kamar jijiyoyi, tsakaninsu ya zurma ya yi ramuka. Na shafe shi, na sa baƙi da garin gawayi, na bi da shuɗin bula. Saman na yanke shi daidai da allon da na kafa a bayan falankin, yadda waya ba za ta taɓa nuna inda ya ƙare ba.

Na ɗauka na gama. Inna ta zo wucewa da ƙwarya, ta tsaya.

"Wannan wa kika yi?"

"Ba kowa ba ne, Inna. Ba shi da siffa."

"Ga ido biyu nan, ga hanci. Kawunki Sabo ne in ya tashi daga barci."

Na duba, na ga Kawu Sabo. Wannan ita ce matsalar da ban taɓa sani ba sai a aikin nan. Idon mutum fuska yake nema a ko'ina. Rami biyu kusa da juna, da tsaga a ƙasansu, shi ke nan an yi mutum. Na haɗe ramukan biyu suka zama ɗaya, wata fuskar ta fito a gefe. Na toshe wannan, wata ta leƙo daga sama. Na yini ina kashe fuskoki har na daina ganin ko ɗaya.

Warin fetur ne ya kawo Baba. Bayan la'asar ya shigo rumfar, abin da bai saba ba. Bai tambaye ni komai ba. Ya zaga falankin a hankali, hannuwansa a baya. Ya duba ta gaba, ya duba ta gefe. Sannan ya tattara rigarsa ya tsuguna har idonsa ya zo daidai da ƙofofin ɗakunan.

"Zo nan. Tsuguna inda nake."

Na tsuguna. Daga ƙasa, da hasken yamma, inuwar wata jijiya ta faɗo tsakanin ramuka biyu. Ga goshi, ga ido, ga hanci. Kallonmu yake yi sosai.

Na ce, "Baba, ban yi da niyya ba. Fetur ne ya ci haka."

"Fetur ne ya riƙe sirinjin?"

Ya ce in gaya masa labarin abin. Na gaya masa yadda Nasiru ya faɗa, har da saniya da tururuwa. Ya saurara har ƙarshe.

"Saniyar ba ta san da tururuwa ba," ya ce. "Wanda Ya halicci saniyar fa?" Bai jira amsa ba, ya sake duban garin. "Ina masallacinsu?"

Na ce da gangan na bar shi, don girmamawa. Ban ga ya dace in sa masallaci a cikin abin tsoro ba.

"Gari a ƙasar nan, da rijiya da rumbu, ba masallaci? Wannan ƙaryar ta fi ta abin da ke bayan dutsen." Ya dafa gwiwa ya miƙe. "Ki yi musu masallaci. Kar ki rubuta komai a jikinsa, don ban san inda za a jefar da shi gobe ba. Kuma shi ba zai karkata ba, ko me ya karkata. Fuskar nan ki cire ta. Kafin ya bar gidan nan zan sake dubawa. In na ga ido yana kallona, kin san maganata."

Na san ta.

Nasiru bai ji daɗi ba. Ya ce masallaci zai kwantar wa masu kallo da hankali, shi kuwa tayar da shi yake so ya yi. Na ce ya zaɓa, gari da masallaci ko ya zo ya ɗauki falankinsa. Ya ce shi dai ya sani ba a cin riba da 'ya'yan malamai. Na ce ya je ya gyara wayar mutane.

Fuskar ce ta fi cin lokaci. Na gane abu biyu. Na farko, duk rami mai zagaye ido ne, ko shi kaɗai ne, jira yake ya sami ɗan'uwa. Na biyu, rana tana zana abin da ban zana ba: abin da ba shi da fuska da safe yana iya yin ta da yamma. Don haka na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da waya mai zafi, na ja kowanne ya zama doguwar tsaga mai tafiya sama, ba wadda ta kwanta a gicciye balle ta zama baki. Wani ɓangare da ya fi ko'ina kyau, inda fetur ya yi wani saƙa kamar gidan zuma, dole na yanke shi na jefar, don duk ta inda aka juya shi idanu ne. Sannan na ɗauki Inna aiki. Da hantsi, da azahar, da yamma, sai in kira ta ta tsuguna ta duba.

"Nan akwai wata tsohuwa tana hararata."

In gyara.

"Yanzu fa?"

"Yanzu kamar akuya, in an karkata kai."

"Inna, wa zai karkata kai?"

"Ubanki."

In gyara. Har ranar da ta daɗe a tsugune, ta juya kai dama da hagu, ta tashi tana kakkaɓe zane. Ta ce ba ta ga kowa ba, kuma ba ta son sake kallonsa, in daina kiranta.

Masallacin ƙarami na yi, na ƙasa, irin na ƙauye, da ɗan tudun alƙibla da matakalar ladan a gefe. Na rataya tsakuwa a zare na daidaita bangonsa har ya tsaya cak. Da na kafa shi a tsakiyar garin na ja baya, sai na ga abin da ban yi tsammani ba. Da, da yake komai ya karkata tare, ido yakan saba, mutum ya ɗauka falankin ne ba a ajiye daidai ba. Yanzu da abu ɗaya ya tsaya, sai karkatar sauran ta fito fili. Rumbunan kamar za su tumɓuke. Nasiru ya zo, ya kwantar da wayarsa a bakin falankin, ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago sai ya ce, "Kar ki gaya wa Malam, amma ya fi da." Na ce ba na kai saƙo.

Ranar da za a ɗauka, Nasiru ya zo da mai babur suka tsaya a waje. Na fito da aikin tsakar gida na ɗora a kan turmi biyu. Baba ya sallami yara, ya shigo da tabaransa a hannu. Inna ta tsaya a ƙofar madafa tana riƙe da ludayi, wai miya take dubawa.

Ya zaga kamar wancan karon. Ya tsuguna ta gabas, ya tashi, ya koma ta yamma ya tsuguna. Ya karkata kai. Ya sa aka juya falankin rana ta bugo ta ɗaya gefen, ya sake dubawa. Ni dai ina tsaye, reza a hannuna, ban san ma na ɗauko ta ba. Ya bar abin da ke bayan dutsen ya dawo kan garin, yana bin ɗakunan da ido ɗaya bayan ɗaya. Turmi ga shi da taɓarya a ciki, guga a bakin rijiya, ƙofofi a buɗe.

"Ina mutanen garin?"

"Ka san ba zan yi su ba, Baba. Duba ƙofar masallaci."

Ya sa tabarau ya matso. Da safen nan na yanka tsohuwar tayar cikin babur da guntun leda mai launi, na yi takalma, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Na zuba su a ƙofar masallacin, sun cika gaban ƙofar har sun gangaro hanya, wasu a jere, wasu a warwatse.

"Duk suna ciki ke nan."

"Suna ciki."

Ya ƙara matsowa. "Har da na mata nake gani. Ga na yara."

"Irin wannan rana, Baba, wa zai tsaya a ƙofa ya hana su?"

Ya ɗan yi dariya ta hanci, bai ɗago ba. Sannan ya cire tabaran ya goge da bakin riga.

"Ba sura a nan. Ki ci gaba da aikinki."

Inna ta koma wurin miyarta. Na juya zan kira Nasiru, sai na ga Baba bai tashi ba. Ya tsinci tsinken tsintsiya a ƙasa yana taɓa wani takalmi guda a bakin hanya. Na kifar da shi ne da gangan, na liƙe, don a ga mai shi da gudu ya shiga. Ya tura, bai motsa ba. Ya sake turawa.

"Zulai, na bawan Allahn nan ya kife. Ba a barin takalmi haka."

Na tsuguna kusa da shi, na sa bakin reza na ɓamɓare takalmin, na juya shi, na ɗiga gam. Baba ya danne shi da tsinken, muka jira ya kama.